Tasar Barira

Ni ne Illa, mahaucin Bilbis, a Tawa.
Kakana ya yi fawa, ubana ya yi.
Wuƙar da ke ƙuguna ta girme ni,
dutsen washi ya cinye ta har ta rame.

Ranar da ɗiyata Barira ta dawo daga Yamai
da takardar likitan dabbobi,
na gasa mata hanta naɗe cikin kitse.
Ta dubi tasa, ta ce, "Baba, na bari."
Na ce, "Ciwo ne?" Ta ce, "Lafiya lau."
Ta jawo kwaɗon zogale ta yi bisimilla.

Kuɗin lakkwal ɗinta daga wuyan akuya suka fito,
littattafanta daga haƙarƙari,
kuɗin mota daga ƙafar sa.
Ban faɗa mata ba. Ta sani.

Bayan la'asar na kai kuka wurin Malam Hashimu.
Ya ce, "Ta ce haramun ne?" Na ce a'a.
"Ta riƙe maka hannu?" A'a.
"To, Illa, halal ba tilas ba ce.
Mai haramta abin da Allah ya halatta,
shi muke da zance da shi.
Wanda ya janye hannu kawai,
wannan tsakaninsa da cikinsa.
Amma tunda ka kawo kanka,
a gaban wa kake wasa wuƙarka?"

Na nemi takalmana.

Don ranar Lahadi, in kasuwa ta cika,
ba na tsayawa ba su ruwa.
Ina kayar da ta biyu, ta uku tana kallo.
Sunan Allah na fita daga bakina
yadda canji ke fita daga aljihu,
ba a dubawa.
Ubana ba haka ya koya mini ba.
Shi yakan ba rago baya ya wasa,
ya shafa masa wuya,
ya ce masa wani abu a kunne
da har ya rasu ban tambaye shi ba.

Barira ba ta yi mini wa'azi ba.
Dare ɗaya ne, an ɗauke wuta, muna tsakar gida,
ta ce, "Wata shida na yi a mayankar Yamai,
ina duba dabba, ina sa hannu.
Wata jar saniya ta Azawak,
da aka buɗe ta, maraƙi na motsi.
Ni na wuce da ita da safe, Baba.
Ina sauri."
Na so in ce ƙaddara ce.
Sauro ya yi ta kuka a madadinmu.

Da layya ta zo, ita ta ɗauki cinya
ta kai wa Inna Tsahara a Kurfayawa.
Tsohuwa ta karɓa hannu biyu, ta ce,
"An ce ke ba ki cin nama.
Ni ma rabona da shi tun layyar bara,
sai dai ni ba a tambaye ni ba."
Barira ta dawo, ba ta ce uffan ba,
ta zauna tana taya uwarta juya soye,
hayaƙi na sa ta hawaye, ko ba hayaƙi ba.

Har yau ina yanka.
Bakuna goma sha ɗaya ke jiran wannan wuƙa.
Sai dai na sayi bahon roba
na ajiye a bakin kwata,
mahauta na dariya, wai Illa na shayar da matafiya.
Ina taɓa cikin kowace mace kafin in kayar.
Jiya na mayar da guda, na yi asarar jika uku,
na yi ta tsaki har gida.

Da dare tasa biyu ke kan tabarma,
tata wake, tawa romo.
Albasar Galmi ce a tsakiya,
hannunmu kan haɗu a can.