Kafin Motar Shika

Daren Laraba na kwana rigingine,
gefen hagu ya ƙi katifa.
Nono ya yi tauri, ya ɗau zafi
kamar an binne masa garwashi.

Na ƙirga kwanaki da yatsu:
saura huɗu baƙon wata ya sauka.
Ya saba aiko manzo kafin ya iso,
amma bai taɓa aiko mai duka haka ba.

Da safe Yaya Tabawa na tankaɗe,
ta ga yadda nake ɗaga hannu.
Ta ce, "Rigar maman nan ta Sabon Gari,
ƙarfenta na cin nama. Cire ta."
Ta ce ita ma a goyon Sagir
nono ya daskare har da zazzaɓi,
sai da aka fasa ƙurjin a asibiti.
Na ce, "Ni da ban taɓa goyo ba?"
Ta yi shiru, rariya ta tsaya.
Ta san sunan da nake tsoro,
wanda ya ɗauke mana Inna Kilishi.

Maƙwabciya ta aiko da jiƙo a kwalba.
Na ajiye shi bayan randa.

Ga ni yanzu a Ƙofar Doka,
kati a jaka, hannu a ƙirji,
kwandasta na kiran Shika, Shika.
Ɗan ƙullutun na zillewa ƙarƙashin yatsa
kamar gyaɗa cikin ɓawo.
Ban san sunansa ba tukuna.
Zan je a faɗa mini.