Dala Arba'in Shafi

Shekara ashirin da biyu ina ƙofar jastis ta Tawa,
ni da tebur mai ƙafa uku, dutse ne ta huɗu,
ni da injin rubutu mai ɗingishi a harafin "r".
Na buga ta gado, na buga ta iyakar gona,
na buga ta akuya, na buga ta bashin gero,
dala arba'in shafi, in babu, goro ya wadatar.
Amma ban taɓa sa Shugaba
a gurbin wanda ake ƙara ba
sai Talatar da wuta ta ɗauke a ofishin Metir Habsu Bizo.

Ta dire jaka, ta ce: Malam Abarshi, buga.

Doka ce ta sauko daga Yamai da tsakar dare,
sa hannun mutum guda, ba majalisa, ba shawara:
kada taro ya haura mutum biyar.
Manoman albasa kuwa ba su ƙirga kansu ba.
Su goma sha ɗaya ƙarƙashin gawo
suna gardamar kuɗin buhu da ladan mota,
aka kwashe su, har da Cifkawu kurma
wanda igiyarsa kawai ya zo karɓa.

Tana faɗa, ina bugawa:
"Kundin ƙasa ya ce ku taru, doka ta ce ku watse.
A gaya mana, wane ne uba, wane ne ɗa?"
Yatsana ya tsaya a sama, ya ƙi sauka.
Na ce: Metir, ƙwai ba ya ja da dutse.
Ta ce: wa ya kawo ƙwai? Tiya muka kawo.
Shi da kansa ya ɗaga hannu gaban jama'a
ya rantse da wannan tiya zai yi awo.
Ba mu zage shi ba, ba mu ce ya sauka ba,
mun dai ce ga tiyar, a sake aunawa.

Na buga. Shafi huɗu. Gumi ya ɗiga a na uku.

Washegari mai shayi ya daina ba ni bashi.
Abokan dara suka koma wata inuwa.
Wani mai baƙin tabarau ya zo ya shafa injina,
ya ce: duk Adar ba mai "r" irin wannan,
ya yi murmushi, ya tafi bai sayi komai ba.
Daren nan ban ci tuwo ba, ban faɗa wa Cima dalili ba.

Metir ta hau motar dare.
Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, har bakin kogi,
takarduna a cinyarta cikin leda saboda damina.
Aka ɗage zama. Aka sake ɗagewa.
An ce wani alƙali ya kwanta ciwon da ba suna.
A nan kuwa albasa na ruɓewa cikin rudu,
warinta na shiga gari kamar mai neman shaida.

Kwana arba'in da bakwai.
Rediyon mai faci ne ya fara faɗa, yana shaƙewa:
kotu ta ce kujera, komai tsawonta,
bisa kundi aka girka ƙafafunta.
Ba a yi guɗa ba. Wata ta ce: to, albasar fa?
Ba wanda ya amsa, hukunci bai ambaci albasa ba.

Sun fito da la'asar, wandunansu sun yi musu yawa.
Cifkawu ya dubi taron, ya kaɗa hannu,
har yanzu igiyarsa yake tambaya.

Kwafin yana nan ƙasan akwatina, tawada ta fara kodewa.
Jiya wani tsoho daga Bambay ya raɓo,
ya waiga hagu, ya waiga dama, ya rage murya:
nawa kake buga ƙarar manya?
Na gyara dutsen da ke riƙe da teburina.
Na ce: dala arba'in, baba,
daidai da ta akuya.