Tsirkiya Huɗu

Sau uku na tafasa su a tukunyar shayi,
tsirkiyoyin nan huɗu,
gumin shekaru ya taso saman ruwa kamar kitsen romo.
Asabe ta ce in zan ƙara, in nemi tukunyata.
Tafasa ta huɗu ba ta tayar da matacce.

Sai na tari Keke Napep daga Kakuri,
jitar bes tsakanin gwiwoyina
kamar akuyar da za a kai kara.
Muka haye gada, kogi ya cika ya yi jawur,
har shagon Ifeanyi a Titin Legas.

Ya zube mini fakiti biyu a kan gilashi.
Waɗannan masu kaushi ne, in ji shi,
suna da haƙori, muryarsu tana walƙiya,
su yaran coci ke nema.
Waɗannan kuwa sumul, bayan tarwaɗa,
ba sa ƙara in yatsa ya zame,
maganarsu ƙasa-ƙasa, ta dattijo a zaure,
sai dai kuɗinsu ninki ne.

Na ce ai ba ni zan kaɗa ba, sayarwa zan yi.
Ya ce, to wa ke yi wa akuyar kasuwa kitso?

Bai san da kuɗin sallama na saye ta ba,
shekarar da masaƙa ta rufe ƙofa.
Injuna ɗari sun yi shiru rana ɗaya,
ƙirjina da ya saba da rugugi
ya rasa abin da zai jingina da shi.
Ita ta mayar mini da rugugin.

Mai bes a baya yake tsayawa, kusa da lasifika.
A bukukuwan Barnawa da Narayi
goshin mawaƙi ake manna wa kuɗi, ba nawa ba.
Amma ranar da wayata ta tsinke ana tsakar rawa,
ƙugun mutane ne ya fara tambaya ina nake.

Yanzu yatsu biyu na hagu sun yi mini yaji.
In ce su danna, su ce gobe.

Na sayi masu sulɓin. Ninkin na biya.
Na ɗaura su da dare, ina murɗa kunnuwa a hankali,
babbar ta fara gurnani tun ban sa wuta ba.

Zugwai ta zo da safe daga Sabon Tasha,
kuɗin adashi a cikin safa.
Ta ɗaga jitar, ta kanne ido ɗaya, ta bi wuyan da kallo
kamar kafinta yana zargin katako.
Ta gano tsagar da ke gindin maratayi.
Ta gano maɓallin murya na tsohuwar rediyo ne.
Dubu sittin, ta ce.
Albarka.
Da biyar.
Na ce kaɗa tukuna.

Ta kaɗa. Kwanukan Asabe suka amsa daga kan kanta.
Ba irin kiɗana ba ne, mari take yi da babban yatsa,
tana fizgar ƙaramar kamar mai tsinke zogale.
Ta tsaya, ta shafa tsirkiyoyin, ta ɗan yamutsa fuska:
Baba, waɗannan sun cika ladabi.
Zan sa masu kaushi.

Na yi dariya har da tari.
Saba'in muka tsaya, na ƙara mata da jaka.

Tsofaffin huɗun suna nan.
Uku a ƙusa.
Babbar, Asabe ta ɗaure ƙofar akurki da ita.
In na fito alwalar asuba nakan taɓa ta da yatsa.
Ba ta cewa komai,
kaji ne kawai ke motsawa.