Jan Gida a Bakin Mashigi

Awa goma sha ɗaya muna sama.
Shayin butar Arnfinn ya daskare,
fensir ya ƙi zama a yatsuna.
Can ƙasa ayari yana jan ciki,
jirage talatin da biyu. Na ƙirga da asuba,
na sake da hantsi,
ko da yake nan ba asuba ba hantsi:
rana ta ƙi faɗuwa tun watan jiya,
ta kafe a gefen sama kamar mai bin bashi.

Garin alkama suka ɗauko, da gwangwanayen nama,
tankokin yaƙi ɗaure da sarƙa,
takalman soja da ƙafa ba ta shiga ba tukuna.
Murmansk suka dosa.
Mu ne idonsu.
Ban da ido ba mu da komai
sai bindigogi uku da sanyi ke liƙe wa baki.

Hallvard matuƙi ba ya magana.
In ya ɗaga yatsa biyu, mai ya yi ƙasa.
In ya ɗaga ɗaya, kowa ya kama addu'a.

Sai gajimare ya yage ta kudu,
na ga ƙasata.
Shekara biyu rabona da ita,
tun daren da na kwanta ƙarƙashin komar masunta
na farka a Shetland ba ko hula.
Ga baƙaƙen duwatsun da furfurarsu,
ga mashigin ruwan da ya ratsa su.

Ga shi kuma a bakin mashigin,
dogo, ruwan toka, hayaƙi na tashi,
jirgin yaƙin waɗanda suka ci ƙasarmu,
ana jan anga.
Igwarsa ɗaya ta isa ta raba jirgin alkama biyu
kafin kuku ya ajiye ludayi.

Wurin nan ba sai da taswira ba.
Nan na koyi jefa ƙugiya.
Taku ɗari huɗu daga inda ya tsaya
akwai jan gida mai rufin ciyawa,
da katakon shanyar kifi,
da Ragnfrid, uwata,
wadda kunnenta na hagu ya mutu tun ina goye.

Arnfinn ya ɗora yatsa kan maɓallin waya
yana kallon bakina.
In na faɗi lamba, masu bam za su taso,
bam kuwa ba ya sallama,
ba ya tambayar gidan wane ne.
In na haɗiye ta,
jirage talatin da biyu, kowanne da mutum arba'in,
ruwan nan kuma minti uku yake ba mutum,
ba ya gyara.

Makon jiya mun ga wani yaro
shi kaɗai a kan katako yana ɗaga mana hannu.
Muka zaga sau uku, ba wurin sauka.
A zagaye na uku hannun yana nan a sama,
motsin ne babu.

Na faɗi lambar.
Na faɗe ta daidai, har ɗigo,
ban matsar da ita taku ɗaya ba.
Arnfinn ya buga, ƙwas, ƙwas-ƙwas,
kamar kaza a kan tsaba.
Ayari ya karkata arewa, ya raɓi ƙanƙara.
Hallvard ya ɗaga yatsa biyu, muka juya.

Da abin da agogo ya kira dare
na ji wasu sun tashi, masu nauyin ciki,
sun yi gabas.
Ban fita na ƙirga su ba.
Na zauna da takalmi a ƙafa, taswira a cinya,
inda fensirina ya huda takarda
na danne da babban yatsa.

Wani ya leƙo ya ce, talatin da biyu, Eilif, cif.
Gidaje ba aikin kowa ba ne ƙirga su.

Inna, in kin ji ƙugi ta kunnen dama,
ki bar kifin a kan katako,
ki bar ƙofa a buɗe,
ki hau dutse.