Mako Goma Sha Biyu

A benen ofishin zari-ruga na Sigatoka
fanka na juyi kamar an tilasta mata.
Mutum uku a bayan tebur, ni kaɗai a gabansa,
cikin rigar zuwa coci mai cin hammata.

Suka kunna hoton. Ga ni, mai lamba shida,
caɓi har ƙwauri, sama na ta zuba.
Ga Sailosi kwance, ƙwallo ta bar hannunsa tuni,
alƙali ma ya kai usur baki.
Sai ga gwiwata.
Aka mai da hoton baya. Sai ga gwiwata kuma,
tana tafiyar hawainiya zuwa muƙamuƙinsa.
Sau biyar ina ce mata tsaya a zuci.
Ba ta ji.

Uwargida Laisani ta sauke tabarau kan hanci.
"Kitione, ka ga ƙwallo a wurin?"
Na ce a'a.
"To me ka gani?"
Me zan ce mata?
In ce ya take mini yatsu tun turmutsitsin farko,
ya yi 'yar dariya, na ƙunshe ta minti arba'in
kamar garwashi a cikin tsumma?

Suka yi lissafi irin na masu awon rake.
A kai bugun ya sauka: mako goma sha shida.
Ka amsa laifi, ba ka taɓa yi ba: a zare huɗu.
Sa hannu a nan.
Ashe biro ya fi jan kati nauyi.

Na sauko ina cewa an rabu da Bukar.
Kawu Peniasi na jingine da motarsa ta ɗaukar rake,
bai ko dube ni ba.
Ya ce, "Ta takarda ce ta ƙare. Shiga mu je."

Rana na faɗuwa muka haye kogi
da saiwar kava a naɗe, an ɗaure ta da igiya.
Na shiga a duƙe, na zauna kusa da takalma.
Kawu ya yi magana a madadina, doguwa,
ya ambaci kakana, ya ambaci kakansu,
da kwalekwalen da suka taɓa sassaƙawa tare,
ya ce ga ɗanmu, ƙafarsa ta riga kansa isa.

Sailosi na kan tabarma, haƙora ɗaure da waya.
Matarsa ta dama rogo da ruwan kwakwa, ta tace,
yana zuƙa ta siririn bututu,
mutumin da kan tashi da kifi uku a zama ɗaya.
'Yarsa ta dubi fuskata, ta dubi gwiwata,
ta laɓe a bayan zanen uwarta.
Wannan babu shi a lissafin Laisani.

Tsohonsa ya daɗe, ya daɗe ƙwarai,
kafin ya ɗora tafin hannu a kan saiwar.
Aka tafa sau uku.
Sailosi ya jawo littafin makarantar yarinya,
ya yi rubutu a bangon baya, ya turo mini:
Gonata. Ciyawa.

Yau Asabar ta bakwai.
Ihun fili na haurowa ta kan ruwa,
na san na ci, na san na ɓarin ƙwallo,
ƙafata har zabura take ita kaɗai.
Wani yaro ke sanye da shida yanzu.
An ce yana da gudu. An ce ba ya da fushi.
Ni da fartanya, kanta ta fito mini a sabon wuri.

Jiya aka kwance masa wayar.
Ɗazu ya zo ya tsaya a bakin gona, ya rame,
ya faɗi wani abu, kalmomin na fitowa a karkace.
Sai da ya maimaita na gane:
"Ka tsallake kunya guda."

Na waiwaya. Tana nan kuwa, ciyawa har wuya.
Na koma.