Kafar Allura

Saura kwana tara Salla,
shadda ta cika shagona na Bagalam,
Sahabi ya ce, "Maigida, je ka kwanta,
ni barci bai san gidanmu ba."

Na yi murna. Wauta ke nan.
Keke na kuka har assalatu,
riga goma sha biyu a dare guda,
ban tambayi inda ƙarfin ya fito ba.

Ashe tramol ne, a ƙullin leda,
daga mai tebur na bakin tasha.
Biyu cikin shayi,
daga baya huɗu,
daga nan ko shi bai ƙirga ba.

Salla ta wuce, ƙwaya ta zauna.
Almakashi ya ɓata. Sai dutsen guga.
Jar akuyar uwarsa, da cikinta,
ta kwana a turke,
gari bai waye da ita ba.

Ran Laraba ya kife kan keke,
kumfa a baki, dunduniya na dukan ƙasa.
A kabu-kabu muka kai shi likita,
ina tallabe da kansa,
ina kiran sunansa, bai san ni ba.

Yau ya dawo kamar sillen kara.
Na miƙa masa zare.
Yaron da ke zurawa ido rufe,
hannu na rawa, ya lasa, ya gwada,
ya sake lasa,
kafar allura ba ta karɓa ba.

Ya dube ni.
Na dubi ƙusar da muka rataye riguna,
kuɗin ɗinkin ni na ci.
Wannan ban gaya wa uwarsa ba.