Zara daga Tudun Atakama

Gab da asuba a kan tudun Atakama
Nélida Cutipa na hura tafin hannunta,
shayin ganyen koka ya huce a kofi.

Na'ura na karanta mata Zara:
can ƙasa, zafi na narkar da dalma.
A hau kilomita ɗari da 'yan kai,
sai sanyin da ƙanƙara ma ba ta sani ba.
A ƙara hawa, ɗumi ya dawo.

Ta tuna mahaifinta,
mai haƙar jan ƙarfe a Kalama,
fuska kamar daren hamada.
Bai taɓa cewa ya yi kewarta ba,
rigar ulu kawai yake rataye mata a ƙofa.

Ta rubuta lambar.
Ta sake aunawa.